Zaɓen Kyamarar Ƙarƙashin Ruwa: A Auna Ruwan Kafin a Auna Aljihu

Gulbin Gada yakan taso daga cikin Jihar Katsina, ya ratsa ƙasar Jibiya, ya ƙetare iyaka ya shiga Jamhuriyar Nijar inda ake kiran sa Gulbin Maraɗi, sa'an nan ya sake komowa Nijeriya ya zuba a Gulbin Rima. Gulbi ne na damina, wanda gudunsa ba ya wuce 'yan watanni a shekara. A ƙarshen shekarun 1980 aka tare shi da madatsar ruwa ta Jibiya, wadda tsawon bangonta ya haura kilomita 3, tsayinsa kuma ya ɗan wuce mita 20, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 140. Tun daga lokacin mutanen Jibiya da Farfaru da Magama da ƙauyukan kewaye suka sami ruwa mai zurfi wanda ba ya ƙafewa da rani. A tsallaken iyaka kuma, bayan Ɗan Isa, akwai tafkin Madarunfa, wanda masunta suka daɗe suna cin abinci a cikinsa.

Abin da ke saman waɗannan ruwaye kowa ya san shi. Abin da ke ƙarƙashinsu kuwa, in ban da masunta masu nutso, kaɗan ne suka taɓa gani, kuma su ma masuntan da hannu da ƙafa suka fi saninsa, ba da ido ba. Yanzu da kyamarar dijital ta yi araha, ɗaliban nazarin halittu da na kiwon kifi a jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma da Maraɗi, da ma'aikatan kamun kifi, da matasan da suka ɗan koyi nutso da tukunyar iska a wata tafiya da suka yi bakin teku, sukan yi tambaya iri ɗaya: wace kyamara ce mutum zai saya, wadda ba za ta cinye masa albashin wata uku ba, tun da yake ba kullum zai shiga ruwa ba? Amsar da tallace-tallace ke bayarwa an tsara ta ne domin ruwan teku garau. Wanda ya bi ta ido rufe yana iya kashe kuɗinsa ya dawo gida da hotuna masu kama da ƙullin koko.

Yadda ruwa ke yi wa haske

Hoto haske ne da aka kama. Saboda haka kafin a yi maganar kyamara sai an san abin da ruwa ke yi wa haske, domin abubuwa uku yake yi masa.

Na farko, yana karya shi. Haske yakan rage gudu idan ya shiga ruwa, shi ya sa sandar da aka tsoma a randa takan yi kamar ta karye. Wanda ya sa tabaran nutso mai shimfiɗaɗɗen gilashi zai ga kowane abu ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya bisa uku, ya kuma matso kusa da kashi ɗaya bisa huɗu. Haka ma idon kyamara yake gani ta bayan gilashinsa, watau faɗin filin da take ɗauka yakan ragu. Kyamarar da kan ɗauki ɗaki sukutum a tudu, a ruwa sai ta ɗauki wani sashe nasa kawai.

Na biyu, yana shanye launuka, kuma ba lokaci ɗaya yake shanye su ba. A ruwan teku mai tsabta ja ne ke fara ɓacewa, kafin a kai mita 5 ya kusa ƙarewa, sai ruwan lemo ya bi, sai ruwan ɗorawa, a ƙarshe kore da shuɗi su rage. Wannan ne dalilin da ya sa hotunan teku suke da shuɗi-shuɗi, ya kuma sa ake sayar da wani jan gilashi da ake maƙala wa kyamara don a maido da ɗan jan da ya ɓace. A madatsunmu lamarin ya sha bamban. Laka da ruɓaɓɓen ganye da ke narke a ruwa sun fi cin shuɗi, sai a bar mutum da launin ƙasa-ƙasa ko kore-kore. Jan gilashin nan ba shi da wani aiki a irin wannan ruwa illa ya ƙara rage ɗan hasken da ya saura. Duk wanda zai yi aiki a Jibiya ko Madarunfa ya adana kuɗinsa a kan wannan.

Na uku shi ne babba a wurinmu: ruwa yana watsa haske. Kowace ƙwayar laka da kowane tsiron ruwa na ƙanƙani da ke yawo tsakanin kyamara da kifi, madubi ne ƙarami mai karkatar da haske. Direban da ya taɓa kunna babbar fitila cikin hazon hunturu a hanyar Katsina zuwa Jibiya ya san wannan: fitilar ba ta nuna masa hanya, hazon take nuna masa. Haka fitilar walƙiya da ke jikin kyamara take yi a gurɓataccen ruwa. Da yake tana dab da idon kyamarar, hasken yakan bugi ƙwayoyin laka ya dawo kai tsaye, hoto ya fito da fararen ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa gari.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Louis Boutan, wani masanin dabbobin ruwa ɗan ƙasar Faransa, ya fara ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku a shekarar 1893 da wata ƙatuwar kyamara a cikin akwatin ƙarfe, kuma a wasu lokuta sai ya bar idonta buɗe kusan rabin sa'a kafin haske ya isa. Daga baya, a 1943, Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska daga tukunya, wadda ta ba mai nutso damar yawo ba tare da igiya ko bututu ya haɗa shi da jirgi ba. A 1963 kamfanin Nikon ya fito da Nikonos, kyamarar da ake shiga ruwa da ita ba tare da akwati ba. Kyamarori sun canza ƙwarai tun daga lokacin, amma ruwa bai canza halinsa ba.

Faifan da ya fi kyamara muhimmanci

Kafin mutum ya biya ko sisi, ya kamata ya san iyakar ganin ruwan da zai shiga. Ma'aunin wannan abu ne da kowane ɗalibi zai iya yi da kansa. Ana kiran sa faifan Secchi, da sunan wani malamin taurari ɗan Italiya, Angelo Secchi, wanda ya yi amfani da shi a Bahar Rum a 1865. A sami faifan ƙarfe ko murfin bokiti mai faɗin santimita 20, a raba shi gida huɗu, a shafa wa biyu farin fenti, biyu baƙi, a ɗaura masa dutse a ƙasa da igiya a sama wadda aka yi wa ƙulli a kowane santimita 10. Daga cikin kwalekwale, a gefen inuwa, da rana tsaka, sai a riƙa zura shi a hankali har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. A jawo shi har ya sake bayyana, a rubuta. A raba tsakani.

A Bahar Maliya, wajen Jidda ko Fot Sudan, inda akwai Hausawa mazauna da yawa, mai nutso kan hangi abu daga nisan mita 20 ko 30. A tafkin kiwon kifi da aka zuba wa taki, faifan kan ɓace tsakanin santimita 30 da 45, kuma haka masu kiwo suke so. Madatsunmu na Arewa sun fi kusa da tafkin kiwo fiye da Bahar Maliya. Da damina, lokacin da gulbi ke kwaso jar ƙasa daga gonaki, mutum kan tsoma hannu zuwa gwiwa ya daina ganin yatsunsa. Sai bayan ruwan sama ya ɗauke, laka ta kwanta, sa'an nan ruwan yake ɗan washewa, musamman a lungunan da iska ba ta kaɗawa kuma shanu ba su shiga.

Masu ɗaukar hoto a ruwa suna da wata ƙa'ida da suka samo daga gwaji: kada abin da za a ɗauka ya wuce kashi ɗaya bisa huɗu ko bisa biyar na iyakar ganin ruwan. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Idan ana gani har mita 20, ana iya ɗaukar kifi daga mita 4 ko 5. Idan mita 1 ake gani, sai an matsa zuwa santimita 20 ko 25. Idan kuwa rabin mita ne, sai kyamara ta kusa taɓa abin. To, a nan ne zaɓen kyamara ya ta'allaƙa. Tambayar farko ita ce: daga wane kusanci take iya ɗaukar hoto ba tare da ya yi dishi-dishi ba? Ta biyu: yaya faɗin idonta? Yawan megafiksel, wanda shi ne abin da mai kanti zai fara faɗa da babbar murya, shi ne na ƙarshe a lissafi. Megafiksel 12 sun isa a buga hoto a shafin mujalla ko kundin digiri. Kyamara mai megafiksel 48 a ruwan da ya gurɓace, lakar kawai za ta ƙara fitarwa dalla-dalla.

Nauyin da ke kan ƙofar kyamara

Abu na gaba shi ne matsin ruwa. A kowane zurfin mita 10, ruwa yana ƙara danna kowane murabba'in santimita da nauyin kimanin kilo 1. Ƙofar akwatin kyamara mai faɗin tafin hannu, a ce murabba'in santimita 50, tana ɗauke da nauyin buhun siminti guda a zurfin mita 10, buhu biyu a mita 20. Abin da ke tsakanin wannan nauyi da cikin kyamarar kuwa wani siririn zoben roba ne da ke kwance a bakin ƙofa.

Don haka lambar zurfin da aka rubuta a jikin kyamara ba ado ba ce. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa da wayoyinsu na hannu. Alamar IP68 da ake gani a kwalin waya tana nufin an gwada ta a ruwa mai tsabta, marar motsi, na ɗan lokaci. A wayoyin Samsung masu wannan alama, mita 1.5 ne na minti 30. Sababbin iPhone kan kai mita 6 na minti 30, amma kamfanin da kansa ya bayyana cewa garantinsa bai shafi ɓarnar ruwa ba. Bugu da ƙari, gwajin na sabuwar waya ne. Wayar da ta sha faɗuwa, ko aka taɓa buɗe ta aka canza mata gilashi ko batir a kasuwa, ta rabu da wannan kariya. Jakar leda mai zif da ake sayarwa don waya tana da amfani a cikin kwalekwale ko a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Ba kayan nutso ba ce, kuma gilashin waya ba ya jin yatsa a cikin ruwa.

Kyamarorin da ke kasuwa

Idan aka ajiye waya gefe, abin da mai ƙaramin ƙarfi zai duba iri uku ne.

Akwai ƙaramar kyamarar bidiyo mai kamar akwatin ashana, irin su GoPro da DJI Osmo Action. GoPro ta zamani takan shiga mita 10 ba tare da akwati ba, da akwatinta na musamman kuma har mita 60. Farashin GoPro Hero 12 lokacin da ta fito a 2023 kimanin dala 400 ne. Idonta faffaɗa ne ƙwarai, tana kuma daidaita girgizar hannu, bidiyonta yana da kyau a ruwa garau. Aibinta a wurinmu ɗaya ne, amma babba ne: idonta a kafe yake, duk abin da ya fi kusa da kimanin santimita 30 sai ya fito dishi-dishi. Ke nan a ruwan da ake gani rabin mita, abin da ke kusa ido ya ƙi shi, abin da ke nesa laka ta rufe shi. Ana iya saya mata ƙarin gilashin kusa a maƙala, amma ƙarin kuɗi ne, kuma ba a kowane kanti ake samu ba.

Akwai kuma ƙaramar kyamarar hoto mai taurin jiki, wadda aka ƙera don ruwa da ƙura da faɗuwa. Wadda ta fi suna ita ce Olympus Tough TG-6 ta 2019, da magajiyarta OM System TG-7 ta 2023, wadda ta fito a kan kimanin dala 550. Megafiksel 12 gare ta, tana shiga mita 15 haka nan, da akwatinta kuma mita 45. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne tana iya ɗaukar abin da ke nisan santimita 1 daga idonta. Ga mai nazarin halittu wannan ya fi komai: ƙwan kifi, dodon koɗi a jikin ciyawa, tsutsar mazari, ƙwaron da ya maƙale a jikin kifi, duk suna fitowa, domin ruwan da ke tsakani bai wuce cikin cokali ba. Kamfanin Ricoh ma yana da irin wannan a jerin WG, masu ƙananan fitilu kewaye da ido, kuma wasunsu sun fi araha. A ganina, ga wanda aikinsa a madatsu da tafkunan Arewa yake, wannan rukuni ne ya dace, ko da kuwa ta hannu zai saya. Tun da bangon madatsar Jibiya kansa bai wuce mita 20 da 'yan kai ba, kuma haske da mafi yawan halittu a 'yan mitocin sama suke, mita 15 sun wadatar, ba sai an sayi akwati ba. Har ila yau kyamara ce da za ta yi aiki a gona da ɗakin gwaji da cikin ƙurar hunturu a sauran kwanakin shekara, ba ta zauna a durowa tana jiran ranar nutso ba.

Na uku su ne kyamarorin da ba su da sanannen suna, masu kwaikwayon GoPro, waɗanda suka cika kasuwanni da shagunan intanet, an rubuta musu 4K da mita 30 a kwali, farashinsu kuma bai kai kashi ɗaya bisa biyar na ta ainihi ba. Ba zan ce a guje su ɗungurungum ba. Hotonsu a duhu ba shi da kyau, batirinsu ba ya jimawa, lambobin da ke kwalin kuma sai an gwada kafin a gaskata. Amma suna da wata daraja guda: idan ta nutse ko ta maƙale a raga, ba za a yi zaman makoki ba. Akwai aikin da wannan darajar ta fi kyan hoto, za mu zo gare shi.

Wanda kuwa nutsonsa na tafiya ne, sau ɗaya a shekara ko shekara biyu, a Bahar Maliya ko wani teku, lissafinsa daban ne. Takardar shaidar nutso ta matakin farko tana ba da izinin mita 18, iyakar nutson nishaɗi gaba ɗaya kuma mita 40. Mita 10 ko 15 na kyamara tsirara ba su isa ba, dole sai da akwati. A can GoPro da akwatinta ita ce mafi arahar hanya, a can ne kuma jan gilashi yake da rana. Cibiyoyin nutso da yawa suna ba da hayar kyamara, kuma ga mai nutso na kwana biyu haya ta fi saye.

Ko wacce aka zaɓa, kada a kashe duk kuɗin a kanta. A bar wani kaso don batir na biyu, da katin ajiya na gaskiya (na jabu sun yi yawa, kuma sai an dawo gida ake gane cewa ba su riƙe komai ba), da igiyar ɗaurawa a hannu mai abin da ke sa ta taso, da tocilar nutso. Tocila ta fi fitilar walƙiya amfani a ruwanmu, in dai an riƙe ta a gefe, nesa da kyamara da tsawon hannu, haskenta ya faɗo wa abin daga kusurwa. Ta haka ƙwayoyin lakar da ke gaban ido ba sa samun hasken da za su mayar.

Ƙura, zafi da zoben roba

Mafi yawan kyamarorin da ruwa ya ci, ba zurfi ne ya ci su ba, sakaci ne a bakin ƙofa. Ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya da ya gitta zoben roba ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Abin mamaki, a ruwa marar zurfi aka fi samun yoyo, domin a zurfi matsin ruwa yakan danne zoben ya ƙara rufe shi. A ƙasa irin tamu, mai yashi da ƙurar hunturu, wannan shi ne babban abokin gaba. A rufe kyamara a cikin ɗaki, a kan tsabtataccen ƙyalle, da haske mai kyau, bayan an duba zoben da ido an kuma shafa shi da yatsa. Kada a buɗe ta a bakin ruwa don canza batir. Idan akwati ne mai zoben da ake cirewa, man silikon da kamfanin ya ba da shi za a shafa, ɗan kaɗan. Basilin da man inji suna kumbura wasu robobin su lalata su.

Sai zafi. Akwatin da aka rufe da iska mai ɗumi da laima a ciki, da zarar ya shiga ruwa mai sanyi sai gilashinsa ya yi gumi daga ciki, kamar kwalbar da aka fito da ita daga firji. Maganinsa shi ne a sa ƙaramin ƙunshin nan na tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, bayan an shanya shi, kuma kada a bar kyamara a rana a cikin kwalekwale. A lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tawul. Da bazara, rabin sa'a a rana ya isa ya gasa ta.

Wanda zai sayi ta hannu ya tuna cewa roba tana tsufa ko ba a yi amfani da ita ba. Kamfanin Olympus ya shawarci masu kyamarorinsa su sabunta robar ƙofa kowace shekara. A duba ƙofar batir da ta caji ko akwai tsatsa, ko farin gishiri, ko tsaga. Akwati kuwa, sabo ko tsoho, a gwada shi babu kyamara a ciki: a cusa masa farar takarda mai laushi, a ɗaura dutse, a zura shi da igiya cikin durom ko tanki na sa'a guda, a danna maɓallansa a cikin ruwan. In takardar ta fito da ɗigo ko ɗaya, a mayar wa mai shi. Bayan kowane nutso a jiƙa kyamara a ruwa mai tsabta kafin a buɗe ta, a tsane ta, a buɗe ƙofar tana kallon ƙasa.

Mai riƙe da kyamarar

Kyamara tana ɗauke hankali, kuma a ƙarƙashin ruwa wannan yana kisa. Kowane mai ɗaukar hoto ya saba riƙe numfashi don hannunsa ya tsaya cak. Ga mai nutso da tukunyar iska wannan ɗabi'a haɗari ce, domin iskar da ya shaƙa a zurfin mita 10 takan ninka girmanta kafin ya kai sama. Idan ya riƙe numfashi ya taso, ko da mita ɗaya ko biyu ne a kusa da sama, huhunsa na iya tsagewa. Saboda haka kada kowa ya ɗauki kyamara sai ya iya tsayar da jikinsa a tsakiyar ruwa ba tare da tunani ba, kuma kada ya shiga shi kaɗai. Ko don hoton ma, wanda bai iya tsayuwa ba ƙafarsa za ta tayar da laka ta ɓata ɗan ganin da ake da shi. A kuma sani cewa ƙasar Katsina da Maraɗi ta haura mita 300 daga matakin teku, kuma daga wannan tudu jadawalin lokacin nutso da aka tsara don teku yana bukatar gyara.

Madatsa tana da nata tarkon. Kusa da bututun da ake sakin ruwa akwai jan da babu mai ƙarfin da zai kuɓuce masa, kuma ba a ganin alamarsa daga sama. Akwai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, da tsofaffin raga, da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Masunta sun san inda waɗannan suke. Ya kamata baƙo ya fara gaida Sarkin Ruwa, ya nemi izinin ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda madatsar ke hannunta, ya kuma sanar da jami'an tsaro. Yankin iyaka ne, ya kuma sha fama da matsalar 'yan bindiga a shekarun nan, saboda haka baƙon da aka gani da kyamara a bakin madatsa ba tare da sanarwa ba zai sha tambayoyi, kuma da gaskiyar masu tambayar.

Akwai kuma tsargiya. Tsutsar da ke kawo ta tana girma ne a cikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke zaune a bakin ruwa mai ciyawa, watau daidai wurin da ya fi kyan hoto. 'Ya'yanta kan fito su yi iyo, su huda lafiyayyar fata cikin 'yan mintoci, ba sai an sha ruwan ba. Fitsarin jini kan biyo baya bayan makonni ko watanni, wani ma ba ya ganin alama har ta yi masa illa a mafitsara. Cutar ta zama ruwan dare a kewayen madatsun Arewa. Tana da magani, firazikwantel, amma ya fi kyau wanda ya shiga irin wannan ruwa ya je a gwada shi bayan wata biyu ko uku.

Kyamara a bakin gora

Duk wannan ya kawo mu ga wata hanya da ɗalibai ba su cika tunawa da ita ba: ba dole ne mutum ya bi kyamararsa cikin ruwa ba. Masu binciken kifi a ƙasashe da dama sukan ɗaura kyamarar bidiyo a jikin ƙarfe, su sa ɗan abinci a gabanta, su zura ta ƙasa, su tafi su ba ta wuri. Kifin da zai guje wa mai nutso da kumfarsa yakan zo ya yi harkarsa a gaban akwatin da ba ya motsi. A nan ne kyamarar nan mai araha take da rana. Gora mai tsawon mita 3, da igiyar roba, da bulo guda, da ƙullin dusa ko tuwon gyaɗa a cikin raga a nisan kamu biyu daga ido, sun isa.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne gurbin karfasa. A lokacin haihuwa namijin karfasa yakan haƙa rami mai siffar kwano a ƙasan ruwa marar zurfi, sau da yawa bai kai mita ɗaya ba, ya tsaya yana gadinsa yana korar sauran maza. Mace takan zo ta zuba ƙwai a ciki, ya barbare su, sa'an nan, a irin karfasar da aka fi sani a kogunanmu, ta kwashe su a bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe, ba ta cin komai a tsawon kwanakin. Masunci zai iya nuna gurbin daga cikin kwalekwale. A kafa kyamara a gefensa da hantsi, rana tana bayanta, a bar ta minti 30 ko 40. Tarwaɗa da kurungu sun fi fitowa da dare, su sai an haɗa da tocila, an kuma haƙura da hoton da bai kai na karfasa kyau ba.

Kowane hoto ko bidiyo a rubuta masa kwanan wata, da sa'a, da wurin, da zurfin, da ma'aunin faifan Secchi na ranar, a kuma sa ɗan guntun rula a cikin filin hoton don a san girman abin da aka ɗauka, tun da ruwa yana ƙara wa komai girma. Ɗalibin da ya yi haka a lungu ɗaya na madatsar Jibiya sau ɗaya a wata, daga Nuwamba zuwa Mayu, zai san watan da ruwan ya fi washewa da watan da karfasa ke fara haƙa gurbi, kuma daga nan ne zai gane ko aikinsa yana bukatar kyamarar dala 550 ko ta bakin gora ta ishe shi.